An sauya wa Golf inji, an bar ta da tsohon birki

Duk Golf 3 da ke lodin fasinja daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega ko Kamba ta haura shekara 25 a duniya, domin kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, ya daina kafin shekarar 2000. Jikin yana nan, amma da wuya a samu wadda ke yawo da injin da ta baro Jamus da shi. Idan inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, an yi masa rin sau ɗaya ko biyu bai ji ba, sai direba ya haɗa kuɗi a yo masa odar injin Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Cikin 'yan kwanaki bakanike ya sauke tsohon ya ɗora wani.

Wannan aiki ba abin raini ba ne. Da shi talaka ke riƙe da mota, da shi buhunan shinkafar fadamar Argungu da albasar Aliero ke isa kasuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba kullum ake mayar da irin injin da aka cire ba.

Golf 3 ta fito da injuna iri-iri: mai lita 1.4, 1.6, 1.8, da mai lita 2.0 na GTI wanda ke ba da ƙarfin doki 115, har da VR6 mai lita 2.8 da ƙarfin doki 174. Da yake gida ɗaya suka fito, babban yakan zauna a gurbin ƙaramin ba tare da wahala mai yawa ba. Direban da ke ɗaukar mutum biyu a gaba, huɗu a baya, but kuma a buɗe an ɗaure kaya da igiya, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya ce a sa masa mai ƙarfi. Haka ma saurayin da ke zaune a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi da tsohuwar Honda Civic, wanda ya ji labarin B16A, injin da Honda ta fitar a 1989 mai lita 1.6 da ƙarfin doki 160, ba tare da turbo ba.

A kan turbo, kanikawan da ke gudunsa suna da gaskiya. Injin da ke shaƙar iska da kansa, fistin ne ke jawo iskar idan ya sauka. Mai turbo kuwa, hayaƙin salansa ne ke juya wata 'yar farfela fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta cusa iska cikin inji da ƙarfi. Abin da ke raya wannan farfela shi ne baƙin mai mai kyau da ake juyewa a kan lokaci, da iska mai tsafta. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu ta toshe matatar iska cikin 'yan makonni, ana kuma sayen fetur a galan a bakin hanya, turbo neman rigima ne. Injin da babu shi, in ya tsaya a Kalgo ko Bunza, akwai mai iya tashinsa da sifana da sukundireba.

Sai dai a Jamus, da aka sa wa Golf babban inji, ba a tsaya nan ba. Ƙananan da yawa sun zo da birkin ganga a ƙafafun baya, GTI kuwa faifai ne gaba da baya, VR6 ma haka, faifansa ya fi na ƙananan girma, kuma kusoshin tayarsa biyar ne maimakon huɗu. Lagireto, kuloci da giya, kowanne an auna shi da ƙarfin injin. A garejin da ake aiki da abin da aljihun direba ya iya, inji kaɗai ake saya. Birkin 1.6 ne zai tsayar da 2.0, a kan taya ta hannu wadda ba a duba shekarar da aka yi ta ba. Lissafin kuwa ba ya sassauci: motar da ta tashi daga gudun kilomita 100 zuwa 140 a awa, aikin da birki zai yi kafin ta tsaya ya kusa ninkawa, kafin a ƙara nauyin buhuna. Ga shanu na tsallaka titi, ga 'yan kabu-kabu.

Akwai kuma al'adar cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada mota ta yi zafi. Abin da ke biyo baya shi ne inji ya daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, ya riƙa zuƙar mai. A zamanin da litar fetur take ƙasa da naira 200 ana iya kawar da kai. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta taɓa haura naira 1,000, har wasu masu manyan motoci suka koma neman inji mai filogi huɗu a maimakon mai shida.

Hana sauya inji ba zai yiwu ba, bai ma kamata ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a 2017, kuma kowa na iya tsayawa bakin hanyar Jega ya ga yadda aka kwashe. Abin da zai yi aiki ya fi wannan sauƙi. Lambar inji tana cikin takardun mota. Duk wanda ya sauya, ya je a gyara takarda, a wurin kuma jami'in duba motoci na VIO ya duba birki da taya da idonsa, ba ya karɓi kuɗi ya buga hatimi ba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW su amince cewa kuɗin ɗora babban inji ya haɗa da na birkinsa, ko kuwa a hana motar layi a tasha.

Wurin koyarwa ma yana nan cikin gari. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, ya karanta zanen gine-gine.  Kwalejin na iya buɗe kwas na yamma na 'yan makonni, da Hausa, ga kanikawa da 'yan rewaya, a kan auna birki da lagireto da girman inji, da haɗa wayoyin ƙwaƙwalwar mota, abin da yanzu da yawa ke yi da lalube. Sai gwamnatin jihar Kebbi ta biya kuɗin rukunin farko, NATA kuma ta kawo sunaye.