Filin Mata: Dogon Hutun 'Ya'yanmu Masu Karatun Lauya

Mu mutanen Jushi da sauran unguwannin Sabon Gari mun saba ganin 'yan mata sanye da fari da baƙi suna nufar Kongo da sassafe. Su ne masu karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Shekara biyar suke yi, kana su tafi Makarantar Lauyoyi, kamar ta Bagauda a ƙasar Kano, su ƙara shekara guda. To, maganata ta yau a kan dogon hutunsu ce, domin uwaye da yawa na ɗauka hutu lokacin wanke-wanke ne da zuwa biki kawai.

A Amurka ɗaliban lauya rububi suke yi su sami wurin aiki a watannin hutu, wasu a ofishin lauyoyin da gwamnati ke biya su kare talaka, wasu a ƙungiyoyin da ke kula da haƙƙin mata wajen ciki da haihuwa. Mu ma muna da irin waɗannan wurare. Akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976 don wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, tana kuwa da ofis a Kaduna. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata da ake kira FIDA, akwai kuma WRAPA da aka kafa a 1999. A Kongo ɗin ma akwai wurin da ɗalibai ke sauraron koken mutane kyauta, malamansu na duba su.

Ɗaliba ba ta da ikon tsayawa gaban alƙali ta yi magana a madadin wani, wannan sai wanda ya gama. Amma aikin da ke bayan fage ya fi yawa. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wani takardarsa ce ta ɓace tsakanin caji ofis da kotu, wani an ba shi beli amma danginsa ba su ji ba. Yarinyar da za ta zauna ta rubuta labarinsa filla-filla, ta bi sawun takarda, ta aika wa dangi saƙo, ta ɗauke wa lauya rabin wahala. Balle in macen da ke tsare tana da juna biyu ko goyo. Akwai abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba ko da wuƙa a wuya, amma ta faɗa wa 'yar'uwarta mace.

Ku tuna da Amina Lawal. A 2002 kotun Bakori, nan kusa da Funtuwa, ta yanke mata hukuncin jifa saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu. WRAPA ta tsaya mata, lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka ɗaukaka ƙara. A watan Satumba na 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta. Abin lura, da hujjojin fiƙihu aka yi nasara. An nuna tana da ikon janye iƙirarinta, an nuna alƙali ɗaya ya zauna alhali doka ta ce da mataimaka, an kuma kawo maganar kwantaccen ciki, wanda malaman Malikiyya suka ce yana iya kai shekara biyar. Duk tsofaffinmu sun san kwantacce, amma sai da mai ilimi ya kai shi gaban kotu ya ceci rai. A nan ne 'yar Kongo ta yi zarra, domin a can ana koyar da dokar ƙasa da ta Musulunci tare.

Ku kuma matan gida, kada ku ce wannan ba ruwanku. Ku sa 'ya'yan nan su karanta muku dokokin da suka shafe ku in sun zo hutu. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti korar mai larurar gaggawa, mai naƙuda da jini ya ɓalle mata kuwa tana ciki. Dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta hana a kama mace a madadin mijinta ko ɗanta, ta kuma ce ba za a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce ba. Mata nawa suka yi ta yawon neman namijin da zai sa hannu, ɗansu na tsare, don ba su san haka ba?

Na san abin da ke ran uwa. Za ta ce ina ni ina barin budurwa ta shiga gidan yari da caji ofis, me maƙwabta za su ce? Tsoron yana da dalili, ni ma ba zan yarda ta tafi ita kaɗai ba. Sai ta tafi ƙarƙashin lauya sananne, da takarda daga makaranta, ta dawo gida kafin magariba. Galibi kuma ba albashi, sai dai iyaye su taimaka da kuɗin mota. Amma hana ta ɗungurungum asara ce. Mai shari'a Aloma Mukhtar ta yi makaranta a Wusasa, nan Zariya, ta zama mace ta farko lauya daga Arewa, a 2012 kuma ta zama Babbar Jojin Nijeriya. Da an tsare ta a tsakar gida da ba a yi haka ba.

Ke kuma 'yata, kada ki jira sai an rufe makaranta. Tun saura wata biyu ki rubuta takardar neman wuri, gajeriya mai ladabi, ki faɗi ajinki da makonnin da za ki iya yi, ki roƙi malaminki ya sa miki hannu. In an karɓe ki, ki riƙe littafin rubutu, ki kama bakinki, domin asirin wanda ya kawo kuka ba na hira ba ne, ko da mahaifiyarki ce ta tambaya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar hutun haihuwa ga ma'aikata mata.