Ba Tsinuwa Ba Ce, Kuma Ba Aikin Mayu Ba Ne

Har yau a zangunanmu akwai masu kallon gidan da aka haifi mai amosanin jini da wulaƙantaccen ido, suna raɗa cewa akwai abin da iyaye suka taka, ko kuma dangin uwar ne ba su da tsarkin jini. Muna kira gare su da su ji tsoron Allah, su kuma saurari abin da bincike ya tabbatar.

A shekarar 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda asalinsa ɗan Najeriya ne, suka tace ƙwayoyin gadon kusan mutum 3,000 da kwamfuta. Suka ƙiyasta cewa sauyin da ke haifar da sikila ya auku sau ɗaya ne, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa. Me ya sa bai ɓace ba? Domin wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare guda, wato mai AS, yana samun kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro, abin da Anthony Allison ya nuna tun 1954. Garkuwa ce da ta raya kakannin kakanninmu. Sai ta haɗu daga uwa da uba take zama azaba. To ina laifin uwa ita kaɗai?

Ga lissafin da muke gudu: AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, ba wai ɗa guda cikin huɗu ba. Gida na iya haifar uku a jere. Mu kuma a Ghana akwai ƙari, domin AC ya yawaita, musamman a arewa, kuma haɗuwarsa da AS na iya kawo SC. Mai cewa "ni ba AS ba ne" bai gama magana ba.

Wasu suna cewa gwaji rashin tawakkali ne. Wane malami ya karantar da su cewa riƙo da sababi yana warware dogaro ga Allah? Waliyyin da ke binciken sana'ar manemi da halin kakansa, shi ne zai ji kunyar tambayar takardar asibiti!

Wasu kuma sun ji an sami magani. Haƙiƙa Ingila da Amurka sun amince da Casgevy a ƙarshen 2023, maganin da ke gyara ƙwayoyin ɓargon mai ciwon. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Ko a tara kuɗin goron zango kaf, ba a kai ba.

A Kumasi an fara gwada jarirai tun 1995, amma mu sai an kai sadaki, an sa rana, an raba goro, sannan wani ya tuna da gwaji, lokacin da fasawa ta zama abin gori. Muna neman limamai da sarakunan zango su mayar da shi gaban gaisuwar iyaye, kuma a riƙe sakamakon a matsayin sirri tsakanin waliyyai biyu.