Gaweye: an riƙe sunan, an manta da masu shi

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa masu hannu da shuni: hutun kwana biyu a Yamai, ɗaki mai sanyi a babban otel, cin abinci da cokali mai yatsu, kallon faɗuwar rana a bakin kogin Isa. Hutu ba laifi ba ne, kuma ma'aikatan otel da wannan sana'a suke ciyar da iyalansu. Abin tambaya shi ne: wane Yamai ake nuna wa mai hutun?

A ɗauki Gaweye. Yaro ɗan makaranta, in ya ji sunan, otel zai kawo a ransa. Alhali Gaweye tsohuwar unguwa ce, tsarar Maurai da Kallai da Zongo, waɗanda birnin ya tsiro daga cikinsu. Lokacin da kuɗin ƙarfen iraniyom suka cika baitulmali, a zamanin Seyni Kunce, aka tashi mutanenta, aka kai su ƙetaren kogi, Harobanda, aka gina otel da zauren taro na Palais des Congrès kusa da gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Otel ya gaji sunan. Masu sunan suka koma hangen tsohon mazauninsu daga wancan gefe. Mai hutu yana shan iska bisa kufan mutane, babu wanda ya gaya masa. Baƙo dai makaho ne ko da yana da ido.

Haka batun abinci. A wajen masu tallar irin wannan hutu, girkin alfarma shi ne wanda aka raɗa wa sunan Faransanci. Dambun zogale, kilishi, tuwon hatsi da miyar kuka, furar gero mai nono, duk sai su zama abincin gefen titi. Wane malami ne zai koya wa ɗalibi darajar al'adarsa da safe, da marece yaron ya ga cewa wayewa ita ce a guje ta?

Za a ce baƙi ne ke son haka. Wannan hujja ta tsufa. An gina Radisson Blu da wasu manyan otel-otel saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019. Amma bayan harin Kure na 2020, inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, da juyin mulkin 2023, baƙin Turai sun ja baya. Wanda ya rage shi ne ɗan ƙasa, kuma bai kamata a mayar da shi baƙo a garinsa ba.

Maganin ba shi da nisa. Gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, yana nan dab da otel ɗin, da gangar icen Tenere da ƙasusuwan dabbobin zamanin da da rumfunan masu sana'ar hannu. Ƙungiyoyin al'adu su nemi a kafa allo a bakin kogi da zai ba da tarihin Gaweye da Zabarmanci da Hausa da Faransanci. Malamai su tura ɗalibai Harobanda su naɗo maganar tsofaffi tun suna raye. Masu otel su ba girkin gida mazauni a babban tebur. Wanda ya ci moriyar suna, haƙƙin masu sunan yana wuyansa.