Batirin da ke ƙarƙashin kujerar 'ya'yanka

Yau zan ajiye siyasa gefe, in yi magana a kan wani akwati da nauyinsa bai wuce kilo 20 ko kusa da haka ba, wanda ya kusa jefa iyalina cikin musiba saboda jahilcina.

Shekaru kaɗan da suka wuce na sayi wata tsohuwar motar Jamus, irin waɗanda muke kira 'yan Kwatano. Wata rana a hanyar Zariya zuwa Funtuwa na tsaya sallar Magariba, da na dawo na murɗa makulli sai ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Wani direban motar haya ya tausaya mini, ya zo da wayoyinsa domin a ara wa batirina wuta. Muka ɗaga bonet, muka haska fitila lungu-lungu, babu batir babu alamarsa. Direban ya dube ni ya ce, “Alhaji, anya ba a sace maka shi kana salla ba?” Sai da wani yaro mai faci ya zo, ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga kujerar da yarana suke zama, sai ga batir kwance a cikin raminsa. Wata shida ina tuƙa motar ban san inda zuciyarta take ba.

Mu da muka tashi a zamanin Fijo 504, wadda a da ake haɗawa a Kaduna, mun saba da ganin batir da zarar an ɗaga bonet. Amma ko a wancan lokaci ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Volkswagen Beetle ta ajiye nata a ƙarƙashin kujerar baya, kuma an sha samun gobara a cikinta idan murfin batirin ya ɓata, mai jiki ya zauna, ƙarafan kujera suka taɓa kawunan batir. Motocin yau kuwa kowace da inda ta ɓoye shi. Yawancin BMW a but suke saka shi. Wasu Marsandi a but, wasu a ƙarƙashin kujerar baya. Volkswagen Touareg da Audi Q7 na farko-farko a ƙarƙashin kujerar direba. Jeep Grand Cherokee ƙirar 2011 a ƙarƙashin kujerar mai zaman banza. Dodge Journey kuwa a bayan bamba yake, gaban tayar hagu, sai an kwance rufin da ke cikin mazaunin taya, sau da yawa har da tayar kanta, kafin a kai gare shi.

Ba mugunta ce ta sa injiniyoyi suka yi haka ba. Dalilansu uku ne. Na farko, ɗakin inji ya cika da na'urori, wuri ya yi ƙaranci. Na biyu, suna son raba nauyi tsakanin gaba da baya domin mota ta zauna daidai a kan titi. Na uku, zafi shi ne babban makashin batir. Yana ƙafar da ruwansa, yana cinye farantan da ke cikinsa. Sanyin hunturu da muke zargi idan mota ta ƙi tashi da asuba, tona asiri kawai yake yi ga ɓarnar da zafin bazara ya riga ya yi. A ƙasar da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, nisanta batir da inji gata ne. Sai dai gatan yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne muke tuntuɓe.

Batirin mota tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro irinsa a 1859. Farantan dalma ne a jiƙe cikin ruwan asid, a ɗakuna shida, kowane yana ba da ɗan abin da ya haura volt 2. Lafiyayyen batir da ya cika yakan nuna kimanin volt 12.6, idan inji yana aiki kuma altaneta na ba shi tsakanin 13.8 da 14.5. Yayin da yake caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ita. A ƙarƙashin bonet iska na kwashe ta. A cikin but ko ƙarƙashin kujera kuwa babu mai kwashe ta sai wani ɗan siririn tiyo na roba da ke fita daga gefen batir ya bi ta ƙasan mota. Wannan tiyo, da bai kai kaurin biro ba, shi ne katanga tsakanin hayaƙin batir da huhun fasinja.

Ban san da wannan ba ranar da na je sauya batirin. Tambaya ɗaya na yi wa mai shago: wanne ne ya fi sauƙin kuɗi? Ya kawo mini wani ƙarami wanda bai cika ramin ba, kuma ba shi da kafar da za a soka tiyo. Yaronsa ya ja tiyon ya jefa gefe, ya ce, “Yallaɓai, wannan ƙa'idar Turawa ce kawai.” Ƙarfen da ke danne batir bai yi daidai da sabon ba, sai ya tokare shi da guntun katako. Daga nan ya ce in tayar da mota, ya cire kan batir inji na aiki, ya ga ba ta mutu ba, ya yi murmushi ya ce altaneta lafiya lau. Na biya, har da tukuici.

Bayan mako uku muna hanyar Katsina, gilasai a rufe, na'urar sanyi a kunne, sai ƙaramar 'yata ta ce kanta na ciwo. Uwarta ta ce tana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na tsaya, na fitar da kowa, na ɗaga kujera. Batirin ya kumbura, ya yi zafin da ba ya taɓuwa, yana huci kamar tukunya, ruwansa ya fara cin dardumar ƙasa. Wani dattijon mai gyaran wayar mota da aka kira ya ɗora mita, ya ga caji ya haura volt 16. Ya ce na'urar da ke daidaita wutar altaneta ta ƙone, kuma da na ba shi labarin gwajin yaron, sai ya girgiza kai kawai. Warin nan iska ce mai guba da batir ke fitarwa idan ana dafa shi da caji. Sa'a biyu yarana uku suka yi a zaune a kansa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Ranar na gane cewa wani lokacin har rai takan nema.

Ban ɗora wa yaron laifi shi kaɗai ba. Abin da ya gani wurin maigidansa ya yi, maigidan kuma ya koya a zamanin da mota ba ta da kwamfuta. Kiɗa ya canza, mu ba mu canza rawa ba. Batir ba wuta kawai yake bayarwa ba, shi ne ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi. Idan aka cire kansa inji na aiki, wutar kan yi tsalle ta faɗa wa kwamfutar da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa. Haka al'adar nan ta tayar da mota da batirin aro a zare shi a mayar da mataccen tana aiki. Mita ƙarama ta isa ta yi wannan gwaji cikin minti ɗaya ba tare da an cire komai ba. Wasu motocin kuma, musamman BMW na wannan ƙarni, sai an sanar da kwamfutarsu cewa an saka sabon batir, in ba haka ba ta ci gaba da yi masa cajin tsoho har ta gajarta masa kwana. Masu kashe kansu a danja su sake tashi kuwa, batiri na musamman suke buƙata, ba kowane ba.

Ga abin da ya kamata kowane mai mota ya riƙe, ko da ba zai taɓa ɗaukar sifana ba. Wajen cirewa, a kashe inji, a zare makulli, a fara kwance kan da ke da alamar ɗebewa, wato baƙin, sannan mai alamar tarawa, wato jan. Wajen mayarwa a fara da ja, a ƙare da baƙi. Dalili shi ne gangar jikin mota gaba ɗaya a haɗe take da baƙin kai. Idan aka fara da ja, sifana ta goga ƙarfen mota, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta nan take. Zoben azurfa ko agogon ƙarfe na iya yin jajur a jikin mutum. A cire su tukuna. Kada a haska batir da ashana, kada a sha taba a kansa, kada a gwada ƙarfinsa ta hanyar goga waya a ga tartsatsi. Kan da ya yi sako-sako a sauya shi, ba a buga masa dutse ko a cusa masa ƙusa ba. Farin garin da ke taruwa a kai ruwan kanwa na wanke shi, muddin bai shiga cikin batir ba. Idan mai buɗewa ne kuma ruwansa ya ja baya, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba. Sannan a ɗaure shi da ƙarfensa, domin batirin da ke yawo a ramukan hanyoyinmu farantansa na karyewa, ranar haɗari kuma ya zama jifa a cikin mota.

Wajen ara wuta, ja ya tafi ga ja, baƙin lafiyayyen batir kuma a maƙala ƙarshensa a wani ƙarfen injin matacciyar mota, nesa da batir, domin tartsatsin ƙarshe ya tashi inda babu iska mai kamawa. Yawancin motocin da suka ɓoye batir sun tanadi wani kai mai jan murfi a ƙarƙashin bonet saboda haka. Shi ne kuma mafita ranar da batir ya mutu a cikin but ɗin da ba ya buɗuwa sai da wuta. Masu motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Prius su sani cewa wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta kai volt 200 ko fiye, ba wurin gwaji ba ne. Idan kuma tsautsayi ya sa ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, a garzaya asibiti. Ba a saka mai, ba a saka kwalli.

Akwai sauran magana a kan gawar batir. Mukan sayar wa 'yan gwangwan, wasu su juye ruwan a kwata, su fasa shi su narka dalmar a cikin unguwa. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalma daga irin wannan sana'a. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito, ba ma buƙatar a yi mana dogon wa'azi. Mayar da tsoho ga dillalin da ya sayar maka da sabo ya fi, kuma kada a bar shi a tsakar gida inda yara ke wasa.

Kirana ga ƙungiyoyin kanikawa da masu sayar da kayan mota, daga Panteka zuwa Ƙofar Ruwa, su mayar da mita da sanin nau'in batir cikin abin da yaro zai iya kafin a yaye shi. Kai kuma mai mota, yau kafin ka fita, nemo inda batirinka yake. Idan a cikin mota ne, duba ko tiyonsa na nan, ko a ɗaure yake, ko jan kansa a rufe yake. Ni dai tun daga ranar Katsina, duk bakaniken da zai taɓa batirina sai ina tsaye, kuma tambayata ta farko ba ta kuɗi ba ce.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa, idan Mai duka Ya kai mu.