A fara da Adaidaita Sahu, a bar manyan motoci tukuna

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hauhawa har ta haura naira 1,000 a 2024, sai maganar motocin lantarki ta shiga bakin gwamnoni da ministoci. Maganar ba ta da laifi, inda ake son farawa ne ke da gyara. Mai ƙarfin sayen Tesla ko BYD ba shi tsadar mai ta durƙusar ba. Wanda ta durƙusar shi ne direban Adaidaita Sahu da ɗan acaɓa, masu wuni suna zarya, su bar kaso mai tsoka na cinikinsu a gidan mai, sannan da daddare su kai balas.

Ƙasashen da abin ya karɓu a cikinsu ta ƙananan ababen hawa suka shiga. A Indiya fiye da rabin kekuna masu ƙafa uku da ake sayarwa yanzu na batir ne. A Kigali ta Ruwanda, gwamnati ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista tun Janairun 2025, domin kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun riga sun kafa shagunan musayar batir. Ɗan acaɓa zai tsaya, a zare batirin da ya yi sanyi, a zura masa cikakke, ya biya ya wuce cikin 'yan mintuna. Batirin, wanda shi ne mafi tsada a jikin babur, na kamfani ne, haya kawai yake biya. Babu juyen baƙin mai, babu wankin kafireto.

Za a ce ai ba mu da wuta, kuma gaskiya ne. Habasha ta hana shigo da motocin fetur a 2024 ne saboda tana da madatsun ruwa, babbarsu kaɗai tana iya ba da sama da megawat 5,000, kwatankwacin abin da Najeriya ke rarraba wa mutum fiye da miliyan 200. Arewa ba ta manta da duhun Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Sai dai wannan hujjar babbar mota take kayarwa, ba keke ba. Batirin keke ƙarami ne, rumfa guda da aka shimfiɗa wa faifan sola za ta iya cika batura da dama a wuni, kuma rana ba ta yi mana rowa daga Sakkwato har Maiduguri. Wanda zai yi caji da janareta kuwa ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Tsadar saye ita ce matsalar gaske, sai kuma makomar kanikawa da inda za a kai mataccen batir, tunda wanda aka yar a bola guba ne. Duka ukun aikin hukuma ne: a sauke harajin kwastam a kan batir da faifan sola, a ba direbobi kekunan su riƙa biya a hankali ta hannun ƙungiyoyinsu, a koya wa kanikawa aikin lantarki, a kuma wajabta wa kamfani karɓar tsohon batirinsa. Gwamnonin Arewa su bar sayo 'yan motocin da za a ɗauki hoto da su ranar ƙaddamarwa, su zuba kuɗin a rumfunan musayar batir a Sabon Gari da Kwari da Kasuwar Barci.