Kafin a sa hannu a takardar tiyata, a tambayi likita batun bututun ƙwai

Akwai wata takarda da kusan kowane magidanci a cikinmu ya taɓa sa wa hannu, ko kuma zai sa nan gaba, wato takardar amincewa a yi wa matarsa ko ƙanwarsa ko mahaifiyarsa tiyata. Yawanci a tsaye ake sa hannun, hankali rabi na kan mara lafiya, rabi na kan kuɗin magani da jinin da aka ce a nemo. Mutumin da ba ya sayen buhun wake a Jibiya ko Illela ko Ɗan Isa sai ya huda ya ga ƙwayar, shi ne ke sa hannu a wannan takarda ba tare da ya tambayi abin da za a cire da abin da za a bari ba. To akwai tambaya guda da muke ganin ya kamata ta shiga bakin jama'a: idan za a cire wa mace mahaifa, ko za a tsayar mata da haihuwa saboda lalura, me za a yi da bututun ƙwai?

A kowane gefe na mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai, wadda girmanta bai wuce na dabino ba sosai. Ita ke sakin ƙwai duk wata, kuma ita ke samar da sinadaran da ke tafiyar da al'ada da riƙe ƙarfin ƙashi. Tsakaninta da mahaifa akwai wani siririn bututu mai tsawon kamar santimita 10, wanda aikinsa ɗaukar ƙwan zuwa mahaifa. Da zarar mace ta gama haihuwa, aikin wannan bututu ya ƙare.

Ciwon dajin ma'ajiyar ƙwai mugun ciwo ne mai saɗaɗe. A shekarar 2022 kaɗai an ƙiyasta ya kama mata sama da 320,000 a duniya, ya kashe fiye da 200,000. Alamunsa ba su da ban tsoro da farko: kumburin ciki, saurin ƙoshi, ciwon mara, yawan fitsari. A wajenmu sai a ce gyambon ciki ne, a jiƙa saiwa, a sayi ƙwaya wajen mai talla, wani lokaci ma a ce sammu ne, sai ciki ya cika da ruwa sannan a nufi asibiti. Kuma kada a ɗauka talauci kaɗai ke jawo makara. A Birtaniya an bi mata kusan 200,000 shekara da shekaru, ana yi wa wasunsu gwajin jini da hoton ciki duk shekara, amma sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna gwajin bai rage yawan masu mutuwa ba. Masu kuɗi da na'urori ma ba su samu hanyar kama shi da wuri ba.

Abin da ya canza lissafin shi ne gano inda ciwon ke tsirowa. Tun daga 2001 masu bincike a Holan, daga baya kuma a birnin Boston na Amurka, suka lura cewa nau'in da ya fi kisa yawanci a bakin bututun yake farawa, can inda yake da geza kamar yatsu, sannan ya zuba a kan ma'ajiyar ƙwai ya bazu cikin ciki. Ashe an daɗe ana gadin ƙofa, ɓarawo kuwa ta katanga yake shigowa.

A 2010 likitocin lardin Biritish Kolumbiya a Kanada suka yi kira ga takwarorinsu cewa duk matar da za a cire wa mahaifa, ko za a ɗaure wa bututu don tsayar da haihuwa, a ba ta shawarar cire bututun gaba ɗaya, a bar mata ma'ajiyar ƙwai. Lissafinsu na farko ya nuna aikin na ƙara minti 10 zuwa 16 ne a kan tiyatar, kuma bai ƙara yawan matsaloli ba. A 2022 suka duba mata kusan 26,000 da aka yi wa haka, ba su samu ko ɗaya da wannan nau'i na ciwon ba, alhali bisa lissafi ana tsammanin samun kamar 5. Wani bincike na ƙasar Suwidin a 2015 ya nuna raguwar haɗarin da kashi 65 cikin 100 ga waɗanda aka cire wa bututun biyu. A wannan shekara ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta goyi bayan a riƙa tattauna batun da mata, ƙungiyar likitocin mata ta duniya kuma ta bi sahu a 2024.

Ɗan kasuwa zai fi kowa gane hikimar abin. An riga an biya kuɗin mota, an loda kaya, direba ya tayar, to ƙara ɗan ƙunshi ba ya buƙatar sabon haya. An riga an sa wa mace maganin barci, an buɗe ciki, an biya kuɗin gado. Mata da dama a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Katsina da Sakkwato na rasa mahaifa saboda ƙari ko zubar jini ko fashewar mahaifa wajen doguwar naƙuda. Barin bututun a cikin mace irin wannan ba ya amfana mata komai.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba za mu raina maganarsu ba. Duk lokacin da aka ambaci haihuwa da shawara daga ƙasashen Turawa, jama'a kan ɗaga kunne. Ba mu manta da 2003 ba, lokacin da jita-jitar cewa allurar shan inna na hana haihuwa ta sa aka dakatar da ita a Kano, cutar ta sake tsallaka iyakoki, yara suka nakasa. Sannan Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bai halatta a kawar da haihuwa har abada ba sai da lalurar da shari'a ta yarda da ita. Maganar da muke yi ba ta ci karo da wannan ba. Matar da aka cire wa mahaifa haihuwarta ta riga ta ƙare. Wadda kuma likitoci suka ce wani cikin na iya zama ajalinta, bayan an yi mata aikin ciro jariri sau da yawa ko saboda ciwon zuciya, lalura ce ta kawo ta. Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin ɗaurewa da cirewa.

Amma fa a sani, cirewa ba ta da gyara. Ɗauri ma da wuya a kwance shi, balle abin da aka fitar. Sai dai dashen ciki, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu. Don haka ba ma goyon bayan a yi wa ƙaramar mace mai sauran burin haihuwa, ba ma goyon bayan lafiyayyar mace ta je a yanka ta musamman don wannan, kuma muna adawa da duk likitan da zai yi shi bai faɗa ba. Sa hannun miji kaɗai bai wadatar ba. Jikin nata ne, ita za a yi wa bayani da harshen da take ji, tana cikin hayyacinta, ba tana kan gadon naƙuda tana murƙususu ba. In aka kuskura aka yi wa mace biyu ko uku a ɓoye, labarin zai riga motar kaya isa kasuwar Maigatari, kuma daga nan mata za su ƙaurace wa tiyatar da za ta ceci ransu.

Kazalika ba kowace tiyata ke ba da dama ba. Idan jini na zuba ana ƙoƙarin ceton rai, likita ne zai duba ko akwai sararin ƙara aiki. Kuma rage haɗari ne, ba a ce ciwon ya kau gaba ɗaya ba. Gidan da ciwon dajin nono ko na ma'ajiyar ƙwai ya kama uwa da ƴa ko ƴan'uwa mata, su maganarsu daban ce, domin mai yiwuwa gado ne, kuma likitoci kan ba irinsu shawarar cire har da ma'ajiyar ƙwan tun suna tsakanin shekara 35 zuwa 45. Ciwon dajin bakin mahaifa kuwa, wanda ya fi wannan kashe mata a ƙasashenmu, ba ruwansa da bututu. Nasa rigakafin allura ce da gwaji, kuma Najeriya ta fara yi wa ƴan mata allurar a 2023.

Abin da ya sa muka dage shi ne halin da jinya take ciki a wajenmu. Maganin wannan ciwo babbar tiyata ce da allurai masu tsada da ake yi duk mako uku, yawanci har zagaye shida, kuma sau da yawa ciwon kan dawo. Nijar gaba ɗaya sai a 2021 ta samu na'urar gashin ciwon daji ta farko a Yamai, wanda ke nuna nisan da ke tsakanin mara lafiyar ƙauye da irin wannan kulawa. Mun ga yadda jinya ke cinye jarin shago, a sayar da fili, a sayar da mota, a ƙarshe a dawo da gawa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun lafiya na Nijar da Najeriya da ƙungiyoyin likitocin mata su fito da matsaya a rubuce, su koyar da likitocin asibitocin gundumomi da na ƙananan hukumomi yadda ake aikin, su kuma fassara takardar amincewa zuwa Hausa, da boko da ajami. Kafin su yi, duk wanda aka sa wa matarsa ranar tiyata irin wannan, su je tare tun kafin ranar, su zauna da likita, su tambaye shi ko zai cire bututun biyu ya bar ma'ajiyar ƙwai, in kuma ya ce a'a, ya faɗa masu dalilinsa.