Raddi Ga Masu Cewa A Raba Yara Da Littattafan Aljanu Da Dodanni

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan ƙasar Gumel, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa da Maigatari, kuma masu yin ta mutanen kirki ne masu kishin 'ya'yansu: malaman Islamiyya, malaman boko, da iyayen da suka sha wahala kafin su sa yaro a makaranta. Cewa suke yi yaron da ya ƙwallafa rai a kan littattafan aljanu da dodanni da jarumai, irin su Ruwan Bagaja da Gandoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi da littattafan yaƙin nan da ake bugawa a Kano, ƙarya yake koyo, lokacinsa yake ɓatawa, imaninsa kuma yana cikin hatsari. Ina ganin sun yi kuskure, kuskuren da 'ya'yansu ne za su biya farashinsa, don haka zan bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce waɗannan labarai ƙarya ce tsagwaronta, ƙarya kuwa haram ce, suna kafa dalili da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi gargaɗi mai tsanani ga mutumin da ke shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Babu mai musun hadisin, abin tambaya shi ne ko ya hau kan mas'alar. Ƙarya a wajen malamai ita ce ka faɗi abu saɓanin yadda yake kana so mai sauraro ya ɗauka haka ya faru. Mai tatsuniya ba ya neman haka, hasali ma tun daga bakin ƙofa yake sanar da kai inda za ku shiga. Kakar da ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" yara suka amsa mata, sun ƙulla yarjejeniya ke nan cewa abin da zai biyo baya na duniyar Gizo da Ƙoƙi ne, idan ta kai "ƙurunƙus" kuma an rufe wannan duniyar kowa ya tafi ya kwanta. Harshenmu kansa ya raba kayan: tarihi daban, ƙissa daban, labari daban, tatsuniya da almara daban. Yaro ɗan shekara shida a Sule Tankarkar da zai kashe kunne ya ji yadda kura ta yi magana da zomo, shi ne kuma gobe zai kora awaki kiwo ba tare da ya tsaya jiran akuya ta gaishe shi ba.

Wannan mas'ala ma an daɗe da gama ta a cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa. Muƙamatul Hariri, wadda ɗalibin zaure ke sha'awar ya kai gare ta idan ya yi nisa a lugga, hikayoyi hamsin ne da Alhariri na Basra, wanda ya rasu a shekarar 516 ta Hijira, ya ƙaga a kan wani mawayacin tsoho mai suna Abu Zaid, mai yawo gari gari yana damfarar jama'a da fasahar baki. A gabatarwar littafin, shi kansa mawallafin ya hango masu zargin nan, ya kare kansa da cewa hikayoyinsa suna daidai da labaran da ake sa wa dabbobi a baki don koyarwa, waɗanda ba a taɓa jin an ɗora wa masu ba da su zunubi ba. Gabaninsa akwai Kalila wa Dimna da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, inda diloli biyu ke ƙulla siyasa a fadar zaki. Malamin da ya karantar da Muƙama da safe, ya zo da yamma ya ƙwace Ruwan Bagaja daga hannun ɗansa, ya kamata ya gaya mana bambancin Abu Zaid da Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja, tunda masu nazari sun daɗe da nuna cewa marubucinsa, Abubakar Imam, ya ɗebo daga Muƙamar.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Suna kawo aya ta 6 ta Suratu Luƙman, mai zargin wanda ke sayen zancen shagala don ya ɓatar da mutane daga tafarkin Allah, suna kuma ambaton abin da masu tafsiri suka kawo cewa Nadru ɗan Harisu yana zuwa da labaran Rustum da Isfandiyar na Farisawa yana ba Ƙuraishawa. Ga shi nan, in ji su, labaran jarumai ne aka zarga da nassi. To amma a karanta ayar har ƙarshenta. An ɗaure zargin da manufa, wato ɓatarwa da izgili. Nadru yana zama ne a inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi, don ya janye masu sauraro daga Alƙur'ani, yana da'awar zancensa ya fi. Wannan gaba ce da wahayi aka fake da labari aka yi ta. Ina alaƙarta da yarinyar da ta dawo daga Islamiyya, ta yi tilawarta, ta gama wanke-wanke, sannan ta jingina da garu ta buɗe Magana Jari Ce? Jin daɗin labari a karan kansa ba abin ƙi ba ne: a Bukhari da Muslim akwai hadisin Ummu Zar'i, inda Nana A'isha ta ba Annabi doguwar hirar mata goma sha ɗaya game da mazajensu, ya saurara har ƙarshe, kuma Alƙali Iyad mai Ashafa ya yi wa hadisin littafi sukutum. Ban ce hadisin tatsuniya ba ne. Abin da yake nunawa shi ne hirar da ke faranta ran iyali tana da gurbi a gidan da ya fi kowane gida tsoron Allah.

Hujja ta uku ita ce batun aljanu da bokaye da tsafi, kuma a nan ne nake ba su wani ɓangare na gaskiya. Cikin littattafan yaƙin kasuwa akwai waɗanda aka rubuta da gaggawa, aka cika da zubar da jini ba dalili, wasu kuma sukan kambama boka har ya zama shi ne mai rabon nasara. Uban da ya duba ya ga haka ya ajiye littafin gefe ya yi aikinsa na uba. Sai dai laifin wani ba ya shafar wani. A mafi yawan labaran nan, tun daga tatsuniyar dandali har zuwa bugun Zariya, matsafi shi ne mugu, kuma ƙarshensa wulaƙanci ne. Marainiyar da kishiyar uwa ta azabtar ita ke dacewa, 'yar gatan da ta raina tsohuwa a bakin rafi ita ke kunyata. Yaro yana karanta wannan da dukan zuciyarsa, yana jin zafin zalunci a jikinsa kafin ya san sunansa a fiƙihu. Sa'annan a tuna su waye suka rubuta littattafan farko. Bello Kagara, mai Gandoki, malami ne da ya kai ga zama Walin Katsina. Ƙanensa Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911, shi ne editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, kuma ya yi rubuce-rubucen addini da tarihin Musulunci da hannun da ya rubuta labarin aku na Magana Jari Ce. Mutanen nan sun san iyakar aƙida, ba su ga sun ƙetare ta ba. Inda imanin yaro ke raunana shi ne gidan da yake ganin manya da gaske suna kai kuɗi wurin boka, wannan kuwa ba daga littafi ya samo shi ba.

Wasu kuma cewa suke yi abin baƙo ne, Turawa suka kawo shi ta hannun Rupert East da gasar da ya shirya a 1933. Gasar gaskiya ce, ita ta haifi Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar. Amma tatsuniya ta girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. Abin da Frank Edgar ya buga juzu'i uku daga 1911 zuwa 1913 daga hannun malaman Hausa ya fito, da ajami suka rubuta shi. Aro kuwa al'adar labari ce a ko'ina. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da labaran Indiya da na Jamus, ya sa musu riga da rawani har ba mai gane su baƙi ne.

Saura hujjar da ta fi damun iyaye, ita ce lokaci: ga jarrabawa, ga hadda, ga aikin gona, yaro kuma ya dunƙule a lungu da littafin dodanni. A nan nake roƙon su dubi abin da ke gabanmu da idon basira. Babbar matsalar ɗan firamare a ƙauyukan Sule Tankarkar ita ce ya iya karatun ma tukuna, ya haɗa baƙi da wasali har su zama magana a kunnensa ba tare da ya yi ta in'ina ba. Wannan ƙwarewa maimaici ke kawo ta, shafi bayan shafi, kuma babu bulalar da za ta sa yaro ya karanta shafi ɗari da kansa. Abin da ke sa shi shi ne ƙaguwa ya ji ko Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja, zai samo ruwan, ko dabarar wazirin Magana Jari Ce za ta ci. Yaron da ya cinye juzu'i uku na Magana Jari Ce don daɗi, idan aka miƙa masa littafin kimiyya ko tarihi, idonsa ya riga ya saba da doguwar jimla, zuciyarsa ta saba riƙe farkon zance har a kai ƙarshensa. Ya kuma tara Hausa mai kyau, da karin magana da salon fada da kalmomin da ba zai ji a bakin tasha ba. Shi ya sa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi Da Wasanni a farkon shekarun 1970 domin 'yan makaranta, kuma duk mai koyon malanta a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya san cewa daga abin da yaro ke so ake jan sa zuwa abin da yake buƙata. Magana Jari Ce ma a kan wannan aka gina ta: aku ya riƙe ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya.

Masu hani suna magana kamar idan an ƙwace littafin yaro zai koma ga allo ko lissafi. Ba can yake komawa ba. Dandalin farin wata ya yi rauni, kakannin da ke tatsuniya suna ƙarewa, abin da ya maye gurbinsu shi ne gidan kallo da wayar yayansa, cike da finafinan Indiya masu fassarar Hausa da aka tura masa a memori, inda aljanun da dodannin suke nan daram, sai dai ba ya karanta ko harafi ɗaya, kuma babu babban da ya tace masa. Littafi kuwa abu ne a fili, uwa na iya sa a karanta mata shi da dare tana jin abin da ke ciki, uba na iya cewa sai an gama hadda za a taɓa shi, malami na iya tambayar ɗalibi me ya sa Gizo ya sha kashi a ƙarshe. Uban da ya je Maigatari ranar Alhamis ya sayar da riɗi ko zoɓo ko ɗan akuya, abin da zai kashe a kan kwafi ɗaya kaɗan ne daga cinikin ranar, kuma kwafin nan zai zaga yaran gidan, ya shiga maƙwabta, ya dawo bangonsa a yage an ɗinke shi da zare.